Yadda Ake Fafutukar Gina Abin Tunawa Da Waɗanda Suka Ba Da Ransu Don Wasu

Ranar Juma'a 8 ga Fabrairu 2013, 'yan bindiga suka afka wa cibiyoyin lafiya biyu a Kano, suka harbe mata tara masu aikin rigakafin shan inna. Irin matan nan ne da muke gani suna bi gida-gida, akwatin sanyi rataye a kafaɗa, alli a hannu suna yin alama a jikin ƙofa. Shekara bakwai da rabi bayan nan, ranar 25 ga Agusta 2020, aka ayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna. An yi murna, an yi jawabai. Yau ka tsayar da mutum goma a unguwarku ka ce su faɗa maka sunan mace ɗaya daga cikin taran nan, ka ga ko za a samu.

Wannan abu yana ci mini rai. Mun iya zaman makoki, mun iya sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, amma da an naɗe tabarmi sai labarin ya bi iska. Na taɓa zama a wani ƙaramin kwamiti da ya yi wa wani matashi ɗan garuwa abin tunawa a unguwarmu. Da damina ya faɗa kududdufi ya fito da yara biyu, ya koma neman na uku, shi da yaron ba su fito da rai ba. Sunansa na jikin dutse inda iyalinsa suka yarda a sa shi, don haka ba zan kawo shi nan ba. Mun yi daidai a wasu wurare, mun yi kuskure a wasu, kuma daga nan na tattaro abin da zan faɗa.

Mataki na farko: gidan mamaci kafin ko'ina

Kada ka buɗe shafi a Facebook, kada ka buga fosta, kada ka je rediyo, sai ka zauna da iyalan mamacin. Mamacin nasu ne kafin ya zama gwarzon kowa. Kuma ba a zuwa da wannan magana ana tsakiyar karɓar gaisuwa. Bari a yi arba'in. In ya bar mata, a bari ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma. A wannan tsakanin akwai aikin da ba ya jira, wato rubuta abin da ya faru daga bakin waɗanda suka gani da idonsu, tun kafin labari ya fara yin rassa. Ka ɗauki muryoyinsu a waya da izininsu, ka rubuta rana da wuri.

In za a je, a tafi da dattijon da gidan suka sani, da mace ɗaya ko biyu da za su shiga cikin gida, domin sau da yawa maganar gaskiya tana wajen uwa da mata, mazan zaure kuwa sai su ce "duk abin da kuka yi daidai ne" don kunya. Mu da muka je, mahaifiyar ɗan garuwan tana zaune bakin murhu tana tsince shinkafa a faranti. Na gama dogon bayanina na hasumiya da fitilu, ba ta ɗago kai ba. Can ta ce, "Ɗan nan, ruwa yake turawa a kura tun yana ɗan shekara goma sha biyu. In da abin da za ku yi masa, ku yi wa mutane ruwa." Na ce, "To, Inna." A nan zanen da muka kwana uku muna gardama a kansa ya mutu, kuma gara da ya mutu.

Ka tambaye su abu uku ƙarara. Sun yarda a ambaci sunansa a bainar jama'a? Sun yarda a yi amfani da hotonsa wajen neman taimako? Akwai bashi, ko marayu, ko haƙƙinsa na wurin aiki da ba a biya ba? Ta ukun nan ita ce mai nauyi. Babu yadda za a yi ka tara miliyoyi ka gina dutse alhali 'ya'yan wanda kake karramawa an koro su daga makaranta. In akwai irin wannan, ya shiga cikin buƙatunku tun daga rana ta farko.

In wani gida ya ce a'a, a'a ɗin ce. A bar gurbi a jikin allon ko za su sauya shawara nan gaba.

Mataki na biyu: sunaye, dukkansu

Masifa ba ta cika ɗaukar mutum ɗaya ba, amma bakin jama'a suna ɗaya yake riƙewa. Dubi abin da ya faru da Ebola a Legas a 2014. Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta hana Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da cutar daga Laberiya, fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, ta kamu da cutar, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Ta cancanci duk abin da aka yi mata, da titin da aka sa wa sunanta a Abuja da lambar girmamawa ta ƙasa. Amma a asibitin nan akwai ma'aikaciyar jinya Justina Ejelonu, da wasu abokan aikinsu da su ma cutar ta kashe a bakin aiki. Kwamitin da bai yi hattara ba zai ɗaga babba ya manta da mai shara da mai gadi da direba.

Saboda haka ku buɗe rajista. Kowane suna a tabbatar da shi ta hanya biyu aƙalla: bakin iyali, da takarda, ko ta asibiti, ko ta wurin aiki, ko shaidar mai unguwa. Ku yanke tun wuri wa zai shiga: waɗanda suka je ceto kawai, ko har da waɗanda aka je ceton? Waɗanda suka tsira da rauni fa? Ku rubuta ƙa'idar kafin a fara kawo sunaye, domin in aka fara ba ƙa'ida, mai ƙarfi zai cusa nasa. Ku jera su bisa haruffa ko bisa ranar rasuwa, kada muƙami ya shigo ciki.

Ga kuskurenmu. Ɗan garuwan nan a hannun kawunsa ya tashi, kowa a unguwa da sunan kawun yake haɗa shi, mu ma haka muka ba mai sassaƙa. Ranar da aka kawo dutsen, ƙanwar mahaifinsa ta sa yatsa a kan rubutun ta ce, "Wannan ba ubansa ba ne." Sai da muka sake sabon dutse da kuɗin aljihunmu. Tun daga ranar na koyi cewa a buga kowane suna a takarda daidai yadda zai fito, a kai gidan, a karanta musu da baki, babban gida ya sa hannu ko ya dangwala. A duba ƙ da ɗ da ɓ, domin yawancin masu sassaƙa injinsu ba ya fitar da lanƙwasar sai an tsaya a kansu.

Mataki na uku: maganar gunki

A nan yawancin irin wannan yunƙuri yake karyewa a ƙasar Hausa, kuma ban ga amfanin kewaye-kewaye ba. Da ka ce "mutum-mutumi", abin da kunnen jama'a zai ji shi ne "gunki". Damuwarsu tana da tushe. A Suratu Nuhu aya ta 23 an ambaci Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra, kuma bayanin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari ya nuna mutanen kirki ne da jama'arsu suka kafa musu alamu don tunawa, da zamani ya ja sai aka koma bauta musu. Akwai kuma hadisin da Muslim ya ruwaito na umarnin da aka ba Sayyadina Ali game da shafe siffofi da daidaita kaburburan da aka ɗaga. Wanda ya tashi da wannan karatu ba jahilci ne ya sa shi ƙin siffar mutum a shataletale ba, kuma in ka ɗauke shi jahili ka rasa shi, ka rasa masallacinsa gaba ɗaya.

Akwai wuraren da siffar mutum ta zauna lafiya. A Inugu akwai mutum-mutumin tunawa da ma'aikatan haƙar kwal 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba 1949. In a irin wannan gari kake, kuma iyalai da jama'a sun yarda, bismillah. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram kuwa, shawarata ka cire siffar mai rai daga lissafi tun farko. Ba ka yi asarar komai ba, domin wasu daga cikin abubuwan tunawa mafi ratsa zuciya a duniya babu fuskar kowa a jikinsu.

Misali mafi kusa da mu yana cikin hamadar Tenere a Nijar. Ranar 19 ga Satumba 1989 jirgin saman kamfanin UTA na Faransa da ya taso daga Brazzaville, ya yada zango a Njamena a hanyarsa ta zuwa Faris, ya tarwatse a sama sakamakon bam, mutum 170 suka mutu. A 2007 ƙungiyar iyalan mamatan, tare da mutanen yankin, suka je wurin suka jera baƙaƙen duwatsu da hannu, da'ira mai faɗin kusan mita 60, da siffar jirgin a tsakiya. Suka kewaye ta da fasassun madubai 170, kowane mamaci ɗaya, suka kafa fiffiken jirgin a tsaye da sunaye a jikinsa. Har daga tauraron ɗan'adam ana hango shi. A birnin Oklahoma na Amurka, inda bam ya kashe mutum 168 a 1995, kujeru 168 aka jera babu kowa a kai, 19 daga ciki ƙanana, na yaran da suka mutu. Uwa in ta ga ƙaramar kujerar nan ba ta buƙatar a yi mata bayani.

To mu me muke da shi? Muna da zanko da dagi da bakan gizo na ginin gargajiya, irin gwanintar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya nuna a masallacin Juma'a na Zariya. Muna da rubutun ajami. Muna da kayan aikin mamacin kansa: akwatin rigakafi, hular kwano ta ɗan kwana-kwana, kwalekwale, kurar ɗan garuwa. Ga matan rigakafin nan tara, ni da za a tambaye ni, bishiyoyi tara zan ce, da ginshiƙai tara a harabar wani asibitin yara, kowanne da suna.

Sannan ka haɗa shi da abin da ke amfanar rayayyu. Hadisin sadaka mai gudana kowa ya san shi, kuma shi ne ƙofar da za ta buɗe maka zukata. Rijiyar burtsatse, ɗakin haihuwa, rumfar jiran mota, aji biyu a makaranta. Sai dai kada amfanin ya haɗiye tunawar. Famfo da ɗan ƙaramin allon da ba mai karantawa famfo ne kawai. A ba wa sassaƙar da sunayen wuri na mutunci, inda mai ɗiban ruwa zai tsaya ido da ido da su.

Kafin zane ya fita, ku kai shi wurin malamai na ɓangarori daban-daban, in garin na haɗaka ne har da shugabannin coci. Ka je da takarda a hannu ka ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da muke niyya, a duba mana inda muka kauce." Malamin da aka nemi shawararsa a zaure shi ne zai kare ka a kan mumbari. Ku kuma yi alkawari a rubuce cewa ba a kan kabari za a yi ba, kuma ba wurin neman tabarruki ba ne.

Mataki na huɗu: kwamiti da rajista

Mutum bakwai zuwa tara sun isa. A samu wakilan iyalai biyu aƙalla, da abokin aikin mamacin, da mace mai faɗa a ji a unguwa, da wanda ya san lissafin kuɗi, da injiniya ko magini, da matashin da ya iya waya. Mai riƙe da muƙamin siyasa ko mai neman takara ya zama mai taimako daga waje, kada a ba shi kujera.

Ku rubuta manufarku a layi uku: wa ake tunawa, me ya yi, me ake son mai wucewa ya ɗauka. Duk gardamar da ta taso daga baya, wannan takarda ce alƙali.

In aikin ƙarami ne, ku raɓu da ƙungiyar ci gaban unguwa mai rajista. In babba ne, a Najeriya ku yi rajistar amintattu a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Za a buƙaci tsarin mulkin ƙungiya da sunayen amintattu, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Da wannan takarda ce za ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya.

Mataki na biyar: fili da izini

Wuri mafi ma'ana shi ne inda abin ya faru, ko inda mamacin ya yi aiki. Amma ka tambayi iyalai, domin wata uwar ba za ta iya taka bakin ruwan da ya ci ɗanta ba har abada. Shataletale yana da kwarjini, sai dai ba mai tsallaka titi ya je karanta suna a tsakiyar motoci, kuma ranar da aka tashi yin gadar sama shi ake fara rushewa. Harabar asibiti, makaranta, tasha ko ofishin 'yan kwana-kwana ta fi, don akwai mai gadi kuma akwai masu zama.

Hanyar izini biyu ce, kuma dole a bi duka. Ta sarauta: mai unguwa, dagaci, hakimi, in abin ya kai, fada. Ta gwamnati: dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, don haka filin cikin birni sai da yardar ma'aikatar ƙasa, gini kuma sai da amincewar hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna. In harabar asibiti ce ko makaranta, ma'aikatar da ke kula da ita za a rubuta wa. In kuna son a sa wa titi suna, tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma wannan aiki. A Nijar kuwa daga mai unguwa sai ofishin magajin gari.

"Ku je ku yi, ba komai" ba izini ba ne, ko daga bakin wa ya fito. Shugaban da ya faɗa zai sauka. Kowace wasiƙa ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku.

Mataki na shida: tara murya

Takardar koke mai sa hannun mutanen unguwa da lambobin wayarsu ta fi dubban dangwale a intanet nauyi a teburin jami'i. Ku nemi wasiƙun goyon baya daga ƙungiyar sana'ar mamacin, ko ta ma'aikatan jinya, ko ta direbobi, ko ta 'yan kasuwa. Ku nemi ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankin ya gabatar da ƙudiri, domin abin da ya shiga kundin majalisa yana da wuyar musantawa.

A wajenmu rediyo ce sarauniya. Minti goma na wanda aka ceto yana ba da labari da bakinsa ya fi duk wata sanarwa. Amma kada a matsa wa mai rauni ya yi ta maimaita ranar da ya fi tsana, kuma kada a yaɗa hoton gawa ko na jini da sunan neman tausayi. Buƙatarku ta zama ɗaya, a faɗe ta da jimla ɗaya, kowa a kwamiti ya haddace ta. Duk shekara in ranar ta zagayo ku yi addu'a a wurin, ku gayyaci 'yan jarida, ko da ba a aza tubali ɗaya ba.

Za a ƙi ku, wataƙila fiye da sau ɗaya. Diane Carlson Evans ma'aikaciyar jinya ce ta sojan Amurka da ta yi aiki a yaƙin Biyetnam. A 1984 ta fara neman a yi wa matan da suka yi hidima a yaƙin abin tunawa a Washington. Hukumar da ke duba zane ta yi watsi da na farko, sai da aka je majalisa aka yi doka, aka sake gasar zane, sannan aka buɗe shi ranar 11 ga Nuwamba 1993. Shekara tara ke nan, a ƙasar da ke da kuɗi. In an ƙi ku, ku nemi dalili a rubuce. In wurin ne matsala, ku kawo wani. In zanen ne, a gyara. Sunayen ne kaɗai ba a ciniki a kansu.

Mataki na bakwai: kuɗi

Nan ne ake ɓata suna. Kada kobo ɗaya ya shiga asusun wani mutum, ko da limamin unguwa ne. Asusun ƙungiya, masu sa hannu uku, biyu dole kafin a fitar, ɗaya daga cikinsu wakilin iyalai. Kowace gudummawa da rasit. Duk ƙarshen wata a liƙa abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar masallaci ko ofishin mai unguwa, a kuma tura a zauren WhatsApp.

Kada ku fara tara kuɗi sai kun san nawa kuke nema. Injiniya ya fitar da ƙiyasin kaya dalla-dalla, a nemi farashi daga 'yan kwangila uku, a ƙara wani abu saboda tashin siminti da rodi. Ku raba aikin kashi-kashi yadda kowane kashi zai tsaya da kansa in kuɗi sun yanke, don kada a bar wa iyalai kangon da zai riƙa tuna musu cewa an fara an watsar. Alkawarin da aka yi a taron ƙaddamar da gidauniya, ana tafi ana kirari, kada ku sa shi a lissafi sai ya shiga banki. Gudummawar kaya kuwa ku karɓa hannu biyu: tifar yashi, buhun siminti, kwana biyu na birkila.

Naira ɗari-ɗari daga mutum dubu ta fi mini miliyan daga mutum ɗaya, domin wanda ya sa ɗarinsa ba zai bari a liƙa fosta a jikin dutsen ba. Bangon tunawa da sojojin Amurka na yaƙin Biyetnam, wanda aka buɗe a 1982, da gudummawar jama'a aka gina shi, sama da dala miliyan 8. In babban mai kuɗi ko ɗan siyasa ya kawo, a karɓa a gode, amma a gaya masa tun kafin ya miƙa cewa sunansa ba zai hau allon mamata ba. A yi wa masu taimako littafi dabam.

Sai abin da mu muka manta. A Amurka dokar 1986 ta gine-ginen tunawa a babban birninsu ta wajabta wa masu gini su ajiye kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin don kulawa. Mu ba mu ajiye ko sisi ba. Shekara biyu da buɗewa injin rijiyar da muka yi don tunawa da ɗan garuwan ya ƙone, wata biyar ba ruwa, awaki suna kwana a gindin dutsen. Mahaifiyarsa ta daina bi ta layin. Ku cire kason kulawa daga kowace naira tun ranar farko, a asusu dabam.

Mataki na takwas: mai zane da kayan aiki

Ku yi gasa, ko ƙarama ce. Ku rubuta wa sashen zane-zane da na tsara gine-gine na jami'o'i da kwalejojin kimiyya, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ku kuma gayyaci magina da maƙeran gargajiya. A cire sunayen masu zane, a sa lamba. Haka aka yi a gasar bangon Biyetnam, zane 1,421 suka shigo, wadda ta ci kuwa ɗaliba ce 'yar shekara 21, Maya Lin. Zane uku na ƙarshe a yi musu ƙaramin samfuri da kwali ko laka, a ajiye inda jama'a za su gani, iyalai su fara zaɓa. A yi yarjejeniya a rubuce da wanda ya ci, a biya shi kashi-kashi bisa aikin da ya kammala.

Wajen kaya, ka tuna da abokan gaba huɗu: rana, ƙurar hunturu, ruwan damina, da 'yan jari bola. Tagulla da farin ƙarfe da alminiyom duk abin sayarwa ne a kilo, dare ɗaya za a ɓalle su. Fenti yana koɗewa, tayil yana ɓamɓarewa, roba tana tsagewa. Dutsen giranit da aka sassaƙa rubutu mai zurfi a cikinsa shi ne mai jurewa, kuma a gina shi cikin bango, kada a ɗaura da kusoshi. A ɗaga dandamali sama da inda ruwa ke kwanciya. In za a sa sola, a ɗora ta sama a yi mata keji da walda. A dasa darbejiya ko wata mai inuwa nesa kaɗan da ginin saboda saiwa, a yi dakalin zama, a bar hanyar keken guragu. A abin tunawa da masu yaƙi da shan inna, matattakala ba tare da gangara ba abin kunya ne.

Mataki na tara: abin da za a rubuta

A wani lambu a Landan da ake kira Postman's Park akwai bango da aka buɗe a 1900 don talakawan da suka mutu wajen ceton wasu. Kowane allo suna ne, da sana'a, da abin da mutum ya yi, da rana. Ɗaya na Alice Ayres ne, wadda ta ceci yara uku daga gobara a 1885 ta rasa ranta. Layi kaɗan ne, kuma sun isa. Ku yi haka: wane ne, me yake yi, me ya faru, yaushe, sai addu'a gajeriya. Da Hausa a sama, boko da ajami, sannan Turanci ko Faransanci. A guji zagi da ɗora laifi a kan wata ƙabila ko addini. Kada a sassaƙa ayar Alƙur'ani a inda ƙafa ko dabba za ta kai.

Mataki na goma: ranar buɗewa da washegari

Iyalai a sahun gaba, su za su yaye ƙyallen. A kira kowane suna da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Jawabin manyan baƙi ya zama gajere, kuma ranar ba ta maroƙa da kiɗan siyasa ba ce. Kwana ɗaya kafin taron a kai iyalai su gani su kaɗai, su yi kukansu ba kyamara.

Kafin a watse a sa hannu a takardar miƙa amana: wa ke shara, wa ke riƙe da makullin injin, wa za a kira in wani abu ya lalace, nawa ke cikin asusun kulawa. Muryoyin da kuka ɗauka da rajistar sunaye a yi kwafi, ɗaya a makarantar unguwa, ɗaya a ɗakin karatu, ɗaya wurin iyalai. A roƙi shugaban makaranta ya riƙa kawo 'yan aji shida duk shekara a ba su labari.

Mu daga baya mun gyara injin, muka sa naira goma a kan kowace jarka, 'yan garuwan layin suka karɓi riƙon asusun da kansu. Su ke wanke dutsen duk Juma'a da safe kafin su fara lodi. Yaran nan biyu da aka ceto, babban yanzu yana sakandare, kuma shi ke karanta sunan a taron addu'ar kowace damina.